Mafarkin sane: yadda mai farawa zai gane yana mafarki tun bai farka ba

A cikin mafarki hankali yana haɗiye komai ba tambaya. Mutum zai ga kakansa da ya rasu shekara 20 da suka wuce yana zaune a zaure yana shan fura, su gaisa, su taɓa hira, ko a jikinsa. Zai buɗe ƙofar ɗakinsa ya tsinci kansa a ajin firamare, bai ce uffan ba. Sai ya farka ne zai ce, "Ashe mafarki ne." Amma wani lokaci wannan "ashe" ɗin yakan zo da wuri, tun mutum yana tsakiyar mafarkin, barcin kuma bai yanke ba. Yana ganin zauren, yana jin ƙanshin furar, kuma ya san sarai cewa jikinsa yana can kwance a kan katifa. Wannan shi muke kira mafarkin sane.

Tun farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Sanin cewa mafarki kake yi daban, iya juya mafarkin yadda kake so daban. Na farkon shi ne ainihin abin, na biyun yana biyo baya ne da sabo, kuma ko ƙwararru ba kullum yake yi musu biyayya ba. Mai farawa da ya shigo da burin tashi sama a daren farko yakan karaya da wuri, domin ya sa wa kansa ma'aunin da ba shi ne ba.

Abin ba baƙo ba ne. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna cewa kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irin wannan mafarki ko da sau ɗaya, kusan 23 cikin 100 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Mabiya addinin Buddha a Tibet sun daɗe suna horar da kansu a kai. Sunan da aka san shi da shi a Turance kuwa, wato "lucid dream", ana jingina shi ga Frederik van Eeden, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, a wani rubutunsa na 1913. Masana sun daɗe suna shakka, suna cewa masu wannan da'awa farkawa suke yi na ɗan lokaci su ɗauka barci suke. Ranar 12 ga Afrilun 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya samo hanyar gwadawa. Ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama sau da yawa a jere. Na'ura ta ɗauki motsin idon daidai yadda aka shirya, a lokacin da sauran ma'aunai ke nuna barci yake. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji da kansa a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka wallafa sakamakon a 1981. A 2021 ma, ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan sun yi wa mutum 36 tambayoyi suna barci. An tambayi wani 8 a ɗebe 6, ya ba da amsar 2 da motsin ido. Yawancin tambayoyin ba su samu amsa ba, amma waɗanda suka samu sun isa hujja.

Lokaci shi ne rabin aikin

Duk wanda bai fahimci yadda dare ke tafiya ba, zai yi ta wahala a sa'ar da ba ta da amfani. Barci yana zuwa ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kusan minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A kowane zagaye mutum yana sauka daga barci mara nauyi zuwa mai nauyi, sannan ya shiga wani mataki da ido ke yawan motsi a ƙarƙashin fatarsa. Masana na kiransa REM, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka bayyana shi a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan mataki ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake farke, amma ta ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Ido da numfashi ne ba ta ɗaure ba, shi ya sa aka yi amfani da ido a gwaje-gwajen da aka ambata. Mafarkai masu tsawo da armashi a nan suka fi faruwa, mafarkin sane ma kusan duk a nan yake.

Rabon wannan mataki a cikin dare ba daidai yake ba. Na zagayen farko gajere ne, bai fi minti 10 ba, domin a farkon dare jiki barci mai nauyi yake nema. Yayin da dare ke tsalawa barci mai nauyi yana raguwa, matakin mafarki yana ƙara tsawo, har na goshin asuba ya kai rabin awa ko fiye. Saboda haka wanda ke barcin awa 5 maimakon 8 ba kashi kaɗan na mafarkinsa ya rasa ba, ya yanke ɓangaren da ya fi kowanne yalwa ne. Haka kuma duk dabarar da aka yi da ƙarfe 10 na dare, lokacin kwanciya, sai ta tsallake sa'o'i na barci mai nauyi kafin ta kai inda ake buƙatarta, kuma yawanci ba ta kaiwa. Matakin farko na mai farawa ke nan: awa 7 zuwa 8 na barci, a kwanta a tashi kusan lokaci ɗaya kullum. Shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari a bar su tun la'asar, domin rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan awa 5.

Littafin mafarki

Wanda ba ya tuna mafarkinsa, ko ya yi na sane zai iya wayar gari bai san ya yi ba. Kuma dabarar da ta fi aiki tana buƙatar mafarkin da aka tuna a matsayin kayan aiki. Don haka mako biyun farko na tunawa ne kawai.

A ajiye littafi da biro da 'yar tocila inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Da zarar ka farka, kada ka motsa, kada ka buɗe ido, kada ka fara lissafin ayyukan yini. Tunanin mafarki ba ya jure motsi da hayaniya, cikin 'yan mintuna yake gushewa. Ka tambayi kanka: ina nake yanzun nan, da wa nake tare? Idan ka kamo wutsiyar wani abu, ko da fuska ɗaya ce ko launin riga, ka bi ta baya-baya: kafin nan me ya faru, kafin shi kuma fa? Idan ba abin da ya zo, ka juya a hankali zuwa ɓarin da ka saba kwanciya a kai ka sake gwadawa. Sannan ka rubuta, da kwanan wata, kamar abin yana faruwa yanzu: "Ina cikin kasuwa, amma rumfunan duk a cikin ruwa suke." Ranar da ba ka tuna komai ba, ka rubuta yanayin da ka farka da shi, tsoro ne ko nishaɗi. Wanda rubutu ke yi wa wuya da tsakar dare zai iya naɗar murya a waya, da sharaɗin ba zai leƙa saƙonni ba, domin daga nan mafarkin ya tafi, barcin ma ya bi shi.

Idan ka kai matsayin tuna aƙalla mafarki ɗaya kusan kowane dare, kuma ka tara kamar 10 zuwa 15, sai ka zauna ka karanta su gaba ɗaya kana ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba zai yiwu a farke ba, ko wanda ke yawan dawowa. Kowa da nasa. Wani kullum yana komawa makarantar da ya gama tuntuni, ana jarrabawa bai shirya ba. Wani yana ganin mamata. Wani gudu yake so ya yi ƙafa ta ƙi ɗaguwa, wani waya ce ke ƙin kiran lambar da yake dannawa. Waɗannan su ne alamominka, su za su zama ƙararrawar da za ta ankarar da kai.

Gwajin gaskiya da iyakarsa

An fi yayata wannan dabara fiye da kowacce: mutum ya riƙa tsayawa da rana yana gwada ko mafarki yake, har abin ya zama ɗabi'a ta bi shi cikin barci. Masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Paul Tholey, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Gwaje-gwaje biyu ne suka fi inganci. Ka toshe hanci da yatsu, baki a rufe, ka ja numfashi. A mafarki iska za ta shiga, domin hancinka na gaskiya a buɗe yake. Ko kuma ka karanta wani rubutu ko agogo mai lambobi, ka kau da kai, ka sake dubawa sau biyu. A mafarki rubutu ba ya cika tsayawa yadda yake. Mintsinin jiki ba gwaji ba ne, ana jin zafi a mafarki. Kunna makunnin fitila, wanda littattafan Turai ke yawan ambata, ba ya da amfani a inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, domin hankali yana da amsa a shirye idan fitilar ta ƙi kamawa.

Inda ake kuskure shi ne yin gwajin da hannu kawai, zuciya tana wani wuri. Wanda ya saba toshe hanci yana cewa "ai na san a farke nake" zai yi daidai hakan a mafarki ya wuce. Gwaji 5 da aka yi da shakka ta gaske, mutum ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi ya zo wurin nan da abin da yake yi minti 10 da suka wuce, sun fi 30 na jeka-na-yi-ka. Kuma ya fi kyau a ɗaura gwajin a kan alamominka: duk lokacin da waya ta yi gardama, ko aka ambaci wani mamaci, ko ka wuce ta gaban tsohuwar makarantarku. Duk da haka, kada a dogara da shi shi kaɗai. A binciken da Denholm Aspy ya yi a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya a 2017, da mutum 169, rukunin da suka tsaya a kan gwajin rana kawai ba su ga wani canji na a-zo-a-gani ba.

Farkawa, niyya, komawa

Rukunin da suka ga canji a wancan binciken su ne waɗanda suka haɗa da farkawa bayan awa 5 da kuma dabarar ƙulla niyya da LaBerge ya tsara, wadda ake kira MILD. Cikin mako ɗaya sun yi nasara a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen da suka gwada. A lokutan da mutum ya koma barci cikin minti 5 da gama dabarar, nasarar ta kai kusan kashi 46. Wannan tazara ita ce darasin da ya fi kowanne muhimmanci: niyyar tana buƙatar ta shiga barci da ɗuminta.

Ga yadda ake yi. A ce ka kwanta ƙarfe 10:00, barci ya ɗauke ka wajen 10:15. Ka saita ƙararrawa 3:15, mai sauti mai laushi, kusa da kai, don kada ka firgita ko ka tashi mutanen ɗaki. Da ka farka, ka tuno mafarkin da ka fito daga cikinsa, ka rubuta shi a taƙaice. Idan babu, ka ɗauki na jiya. Ka tashi zaune, ka zaga bayi idan da buƙata, ba tare da kunna fitila mai haske ko duba waya ba. Sannan ka koma ka kwanta, ka riƙa faɗa a zuci: "In na sake yin mafarki, zan tuna cewa mafarki nake yi." Ba yawan maimaitawar ake nema ba, nufin ake nema. Irin tunawar nan ce da ake ba ka saƙo zuwa ga wani, ka manta da shi duk yini, amma kana hango mutumin daga nesa saƙon ya faɗo maka. Ita ake horarwa. Yayin da kake faɗa, ka mayar da kanka cikin mafarkin da ka rubuta, ka kai daidai inda alamar take, ga kakanka a zaure, amma wannan karon ka ga kanka kana tsayawa kana cewa, "Wannan mafarki ne." Ka sake zagayowa: kalmomin, hoton, ganewar. Idan tunani ya zame zuwa kuɗin makaranta ko aikin gobe, ka dawo da shi ba tare da jin haushi ba. Bayan 'yan mintuna, idan ka ji niyyar ta zauna, ka sake ta, ka bar barci ya zo. Abin da ake so shi ne ta zama abu na ƙarshe da ya ratsa zuciyarka.

Tsawon zaman farke shi ne abin da kowa zai auna wa kansa. Mai nauyin barci, wanda ke komawa tun bai gama jimla ta biyu ba, yana buƙatar ya tashi sosai na minti 20 zuwa 30, ya karanta littafin mafarkinsa. Wanda barci ke yi wa wuyar dawowa kuwa, minti 5 ya ishe shi, kada ma ya sauka daga gado. Idan ka yi rabin awa kana juyi, to ka wuce gona da iri, gobe ka rage. Akwai kuma wata dabara mai suna SSILD: bayan farkawar, ido a rufe, mutum ya mai da hankali kan duhun da yake gani na kusan daƙiƙa 20, sannan sautukan da yake ji, sannan abin da jikinsa ke ji, kamar nauyin mayafi, ya zagaya haka sau 4 zuwa 6 ya yi barci. A wani binciken Aspy na 2020, da mutum 355, ita da MILD sun ba da sakamako kusan ɗaya.

Masu tashi sallar Asuba su koma barci suna da wannan tsari a rayuwarsu tun asali, kuma da yawa sun san yadda mafarkin wannan lokaci yake da ƙarfi. Sai dai alwala da ruwan sanyi da tafiya masallaci suna wartsakar da jiki sosai, gari yana wayewa, kuma akwai malaman da ba sa son barcin bayan Asuba. Wanda ya fi son ya kauce wa hakan sai ya yi farkawarsa wajen ƙarfe 3, ya saita ƙararrawa ta biyu don kada ya makara. Kuma kada a yi kullum. Dare 2 a mako, ba a jere ba, a ranakun da ba tuƙi mai nisa ko aiki mai haɗari washegari.

Idan abin ya faru

Na farko yawanci ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Mutum yana ganewa sai murna ta kama shi, zuciya ta buga, ya farka. Wannan ba faɗuwa ba ce, kusan kowa ta nan yake bi. Maganinsa shi ne a ba hankali abin riƙewa a cikin mafarkin. Ka murza tafukan hannunka ka ji ɗuminsu, ka shafa bango, ka dubi ƙasa, ka faɗa da baki cewa mafarki ne. Idan hoton ya fara dusashewa, LaBerge ya ba da shawarar mutum ya juya jikinsa na mafarki kamar katantanwa, sau da yawa wani sabon wuri yakan buɗe. Kada ka tuna da jikinka na kan gado, kana tunawa da shi za ka koma cikinsa. Ka shirya ƙaramin buri guda tun da rana, kamar duba tafin hannu ko ɗanɗana wani abu, domin wanda ya gane ba shi da abin yi, labarin mafarkin yakan sake janye shi ya manta. Juya mafarki kuwa da tsammani ake yinsa, ba da ƙarfi ba. Maimakon ka matsa sai wani ya bayyana a gabanka, ka sa a ranka cewa yana bayan ƙofar can, ka je ka buɗe.

Akwai kuma farkawar ƙarya: ka ga ka tashi a ɗakinka, har ka ɗauki biro kana rubutawa, alhali har yanzu barci kake. Tana yawan biyo bayan mafarkin sane. Saboda ita ne ya kamata gwajin toshe hanci ya zama abu na farko duk lokacin da ka farka.

Dannau, da waɗanda bai kamata su gwada ba

Katse barci yana iya jawo dannau, kuma gara mai farawa ya san shi tun kafin ya same shi. Ta fuskar jiki, hankali ne ya farka alhali ɗaurin gaɓoɓin nan na matakin mafarki bai saki ba. Mutum yana ganin ɗakinsa, ya kasa motsi, ya kasa magana, ƙirji ya yi nauyi domin numfashin wannan mataki gajere ne, kuma sauran mafarkin na iya zubowa cikin ɗakin a siffar inuwa ko wani a tsaye. Wani nazari na 2011 ya kiyasta cewa kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa kusan 28. Ya fi zuwa ga mai kwanciya rigingine da wanda barcinsa bai da tsari. Yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, numfashi kuma ba ya tsayawa. Kokawa da shi tana ƙara tsoro ne. A sassauta, a yi addu'a a zuci, a mai da hankali kan motsa ɗan yatsa guda. Wannan ne ma dalilin da ya sa dabarar shiga mafarki kai tsaye daga farke, inda ake kwance shiru ana jiran jiki ya yi barci hankali na kallo, ba ta dace da mai farawa ba. Tana da wuya, tana cin barci, kuma ta kan hanyar dannau take bi.

Mai fama da rashin barci, mai farfaɗiya, mai ciwon da ke sa yanayin zuciya ya riƙa hawa da sauka sosai, da wanda ke jin muryoyi ko yake shan wahalar bambance zahiri da abin da ba shi ba, kada su katse barcinsu ko su riƙa shakkar zahiri da gangan sai da shawarar likita. Akwai maganin cutar mantuwa mai suna galantamine da wani gwaji na 2018 ya nuna yana ƙara yawan mafarkin sane, kuma ana tallarsa a intanet saboda haka. Yana jawo tashin zuciya da amai, yana iya rage bugun zuciya, ba abin da mutum zai saya ya sha da kansa ba ne.

Wani abin lura ga mai karatu Musulmi: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku, na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da na zancen zuci. Mafarkin da mutum ya shirya wa tun da rana, ya shiga yana juya shi da kansa, a fahimtarmu ya fi kusa da na ukun. Ba abin kai wa mai fassara ba ne, ba a gina shawarar aure ko kasuwanci a kansa, kuma ba ya zama madadin istihara.

Idan an yi mako 4 ba labari, a koma littafin a duba wuri uku. Idan shafukan ba su cika ba, matsalar tunawa ce ko ƙarancin barci, sai a ajiye ƙararrawar dare a gyara wannan tukuna. Idan ana daɗewa kafin barci ya dawo, a rage zaman farke, ko a matsar da ƙararrawar baya zuwa awa 4 da rabi, lokacin da barci ke da sauran nauyi. Idan kuwa ƙararrawar tana tashinka ba ka tuna komai, kanka ya yi dum, wataƙila ba a cikin matakin mafarki take faɗowa ba, sai a ƙara mata minti 20 zuwa 30 a sake gwadawa. Sannan a nemi wani irin mafarki a cikin shafukan: wanda a cikinsa ka ce "abin nan kamar mafarki", ko ka yi mamakin ganin mamaci, sannan hankali ya kawo wani uzuri ka yarda ka wuce. Irin wannan yana nuna tambayar ta fara shiga barcinka. Shi za ka ɗauka a farkawa ta gaba, ka koma daidai wurin da ka karɓi uzurin, ka ga kanka kana toshe hanci kana jan numfashi.